Kwanon takardar Khalifa ya yi funfuna, a zo a ba ni shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure, ya ruwa? Don Allah a taimaka mini, wanda zai yi dariya kuma ya yi a ransa. Da za a yi hutu an ba su Khalifa aikin hannu, wai kowane yaro ya zo da abin da ya yi da kwaɓin takarda ranar da aka koma makaranta a Satumba. Fefa-mashe suke ce masa. Ni rabona da abin nan tun ina aji biyar, abin da na tuna kawai takarda da fulawa. To ranar Asabar muka kwaso tsofaffin jaridun babansa muka yayyanka da almakashi, na kwaɓa fulawa da ruwan sanyi, muka kife kwanon silba muka yi ta lafta masa har ya yi kaurin yatsa. Hadari ya taso, na tura shi ƙarƙashin gado. Yau kwana huɗu ke nan. Jama'a, ɗakin nan wari yake kamar gasarar da aka manta bayan randa. Abin ya yi funfuna kore da baƙi, ɓera ya ci gefe guda, kwanona kuma ya ƙi fita. Yaro tun safe yake kuka. Ina kuskuren yake?

Anti Luba: Wa alaikumus salam. Maman Khalifa ki yafe mini, ni dai a fili na yi tawa dariyar. Ƙarƙashin gado a tsakiyar Agusta? Ai liyafa kika shirya wa ɓeran. Da farko dai ba a yanka takardar da almakashi, yagawa ake yi da hannu. Bakin yagaggiyar takarda yana da gashi-gashi, shi ke sa ta kwanta kan 'yar'uwarta ta saje, yankakkiya kuwa sai bakinta ya riƙa ɗagowa. Sannan kwanon ana shafe shi da basilin, ko a lulluɓe shi da leda kafin a fara. Babban laifin dai kaurin nan. Shimfiɗa uku ake yi, in an matsa huɗu, a bari ta bushe ƙarau, sannan a ƙara. Ke kin zuba aikin sati guda a wuni ɗaya, waje ya bushe ciki na ruɓewa.

Maman Khalifa: Wayyo ni. To kwanon fa, ya zan yi ya fita?

Anti Luba: Jefa shi cikin bokitin ruwa ya kwana, da kansa zai saki. Wancan kwaɓin kuma ki zubar, kar ki ce za ki gyara. Kar ki bar yaro ya kankare funfunar yana shaƙa.

Baban Ummi: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Maman Khalifa, ki shiga Tsohuwar Kasuwa ki sayo masa faifai ko ludayi mai zane ya kai. Makarantar da yarana suke, ƙarshen zango sai a ce wanda bai yi aikin hannu ba ya kawo tsintsiya ko sabulu ko kuɗi, kuma maki ɗaya za a ba su da wanda ya kwana yana fama. Ga fulawa yadda take tsada yanzu, a ɗauki abin da za a yi wa yara fanke a shafa wa jarida?

Malama Inno: Baban Ummi, wagga magana taka ita ta kashe aikin hannu ga makarantunmu. Shekara talatin da biyat ni yi ina koyarwa, kuma duk ranar da malami ya amshi sabulu madadin aiki, ya koya ma yaro cewa kuɗɗi na sayen maki. Bari in bar wannan, raina na ɓaci.

Maman Khalifa ɗiyata, saurara. Hanya biyu ta. Wadda Luba ta hwaɗi ita ta shimhiɗa, ana tsoma tsinken takarda cikin ruwan danƙo ana jerawa. Mu wadda munka koya ma yara ita ta daka. Ki yayyage takarda ƙanana awa girman tambarin wasiƙa, ki zuba ga bokiti, ki kwarara ruwan zahi, ta kwana biyu, kina canza ruwan kullum don kada shi yi tsami. Sannan ki tsame ki daka ga turmi har ta koma awa tuwon da bai ji gari ba, ba ki ganin harahi ko guda. Ki juye ga tsohon gidan sauro ko tsumma ki matse ƙwarai, ki matse har hannunki shi gaji. Wanga matsi shi na sirrin abin, kowa shika raina shi. Sai ki warware dunƙulen, ki dama sitaci awa yadda kika dama koko: ki kwaɓa da ruwan sanyi kaɗan, ki sheƙa tahwasasshen ruwa kina motsawa har shi yi haske da yauƙi. In ya huce ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina murzawa, har kwaɓin shi riƙe siffa in kin dunƙula, bai ɗiga, bai maƙale ma tahin hannu. Ki sa gishiri cokali guda. Kauri bisa kwano kada shi kai rabin ƙaramin yatsanki.

Kuma kada ki daka ga turmin abinci. Tawadar jarida na baƙanta shi, sai ki yi sati kina cin baƙin yaji.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri Inna Malama. Sitacin guga na kanti zai yi?

Malama Inno: Na gari wanda aka damawa shina yi. Na heshi cikin gwangwani bai yi. In kina da mai rogo kusa, sitacin rogo ya hi kowane.

Abba Dundaye: Barkanku iyayena. Bari ɗalibi ya sa baki. Sunan nan Faransanci ne, papier mâché, ma'anarsa taunanniyar takarda. Dalilin da abin ke aiki kuwa, takarda zaren itace ce da aka baza aka busar. In an jiƙa ta zaren sai ya saki juna, in ya bushe ya sake kamawa, danƙon yana cike tsakani. Shi ya sa kiret ɗin ƙwai na takarda yake da ƙarfi, ai shi ma kwaɓin takarda ne aka zuba a injin ya fitar da siffa. Maman Khalifa, in kina son sauƙi ki nemi karyayyun kiret wurin masu shayi ko masu sayar da ƙwai, a ruwan zafi cikin awa kaɗan sun narke, ko daka ba sai kin sha ba. Sai dai ki zaɓi masu tsabta, wanda ƙwai ya fashe a kai ki bar musu.

Game da fulawa da ruwan sanyi: ɗanyen gari bai saki danƙonsa sosai. Sai ya ji zafi wajen digiri 60 zuwa 70 ƙwayoyin sitacin ke kumbura su fashe, shi ne hasken nan da Inna ta ce a jira. In fulawar za a yi amfani da ita, gwangwanin madara ɗaya na gari a ruwa gwangwani biyar, a dafa kamar talge. Kun ga ba wani garin kirki zai ci ba, Baban Ummi.

Baban Ummi: Gwangwani ɗaya ma ai fanke goma ne.

Anti Luba: Ni duk na huta da wannan. Top Bond nake sa wa, farin gam ɗin kafintoci, kashi biyu na gam kashi ɗaya na ruwa. Ba tsami, ɓera da kyankyaso ba su damu da shi kamar fulawa ba, kuma in ya bushe ƙarfinsa daban ne. Da shi nake yin manyan tukwanen furanni na ado da nake kai wa wurin kamu da walima. Mutane sai sun ɗaga suke gane ba tangaran ba ne.

Malama Inno: Luba, ƙarhi daban? Ga ɗakina yanzu akwai taswirar jihar Sakkwato da ni yi da ɗiyan aji shida cikin 1988, bisa allon katako, da sitacin rogo tsurarsa. Mun ɗaga tuddai, mun kwarɓe gulbin Rima da gulbin Sakkwato har inda sunka haɗu, munka shahwa shuɗi. Lokacin Birnin Kabi da Gusau duk namu na. Anka cire Kabi cikin 1991, anka cire Zamfara cikin 1996, taswirata ko tana nan ɗungum ba ta rabu ba. Gam ɗinki shi kai haka tukuna mu yi magana.

Anti Luba: Na sara miki Inna! Amma ki faɗi gaskiya, gara ba ta taɓa ta ba?

Malama Inno: Ta ɗan ci wajen Yawuri. Laihin wanda ya jingine ta ga bangon ƙasa na.

Almajirin Malam: Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun farko, kuma akwai abin da ban ji an taɓo ba, alhali ya fi funfuna muhimmanci. Wace takarda ake dakawa? Jaridunmu, musamman na Hausa da na ranar Juma'a, cike suke da ayoyi da hadisai. Shafin ta'aziyya da Inna lillahi yake farawa. Littafin yaro na darasin addini, takardar gayyatar ɗaurin aure da Bisimilla a samanta, kalandar da aka buga da sunayen Allah. A jiƙa wannan a daka a turmi, a zubar da ruwan a kwata? A garin nan namu na Sakkwato da ko wankin allo ba a zubarwa inda ƙafa ke takawa? Ina roƙon duk mai yin wannan aiki ya zauna ya tace takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke da aya ko sunan Allah a ware ta, a ƙone ta a wuri mai tsarki ko a binne. Ƙonawar tana da asali, haka Sayyidina Usmanu ya yi da sauran kwafe-kwafen bayan an haɗa Mus'hafi.

Maman Khalifa: Innalillahi. Malam wallahi ban duba ba. Na Turanci ne dai akasarinsu, amma ban duba ba.

Almajirin Malam: Abin da aka yi cikin rashin sani Allah mai gafara ne, Hajiya. A kiyaye gaba. Tunda ba ki tabbatar ba, wancan da ya lalace kar ki jefa shi a bola, ki haƙa rami a gefen gida ki rufe.

Baban Ummi: To Malam, in haka ne ai babu takardar da za ta tsira. Takardar jarrabawa akwai Abdullahi da Abdurrahman a kanta. Mai ƙosai da mai tsire kullum a jarida suke naɗe mana, ba wanda ya ce uffan. Sai kan wasan yara za a tsaurara?

Almajirin Malam: Kasancewar ana yi bai mai da shi daidai ba, Alhaji, kuma malamai sun sha yin magana kan naɗe tsire da irin waɗannan takardu. Ban ce a bi kowane layi da tabarau ba. Abin da ya fito fili a ware, sunan da ido ya gani a yage wurin. Mafita mai sauƙi ma ɗan'uwa Abba ya kawo ta: kiret ɗin ƙwai da kwalin taliya ba aya a jikinsu.

Abba Dundaye: Kwali ma yana yi, a ɓare ledar salatif ɗin a jiƙa shi ya fi kwana biyu. Takardar da ba ta yi ita ce mai sheƙi ta mujalla da kalanda, an shafe ta da abin da ke hana ta shan ruwa. Kuma zancen Malam ya tuna mini, girmama takarda a garin nan tsohon abu ne. Zamanin su Shehu da Sarkin Musulmi Bello ba a yin takarda a nan, daga Italiya ake kawo ta, ta bi ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. In ka ɗaga irin waɗannan tsofaffin rubuce-rubucen a haske, da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar. Akwai irinsu a gidan tarihi na Waziri Junaidu. Wanda ya sayi takarda da wannan wahala ba zai daka ta a turmi ba. Mu ne muka samu har muna rasa inda za mu zuba.

Hajiya Ta Arkilla: Tunda Malam na kusa bari in yi tawa tambayar. Jikata cewa ta yi kyanwa za ta yi, a waya ta gani. Na hana ta, na ce mutum-mutumi ne. Ta yi fushi har yau ba ta gaishe ni da kyau. Na yi daidai?

Almajirin Malam: Hajiya, abin da na karanta gaban malamaina na Malikiyya: surar abu mai rai, mai jiki wadda ke da inuwa, kuma cikakkiya da dukkan gaɓoɓinta, ita ce haramun. Itace, jirgi, gida, masallaci, tulu, duk babu laifi, kuma shawarar da Ibn Abbas ya ba mai sana'ar zane ke nan, ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Amma an togace 'yar tsanar yara mata, domin Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Ya kuma tabbata sahabbai mata suna yi wa yaransu abin wasa da ulu su ɗauke musu hankali ranar azumin Ashura. Kyanwar da za a yi a kafa kan talabijin don ado, ni ba zan ce a yi ba. Abin wasan ƙaramar yarinya kuwa da sauƙi a cikinsa, wasu malamai sun faɗaɗa, wasu sun tsaya kan 'yar tsana kawai. Ki tambayi malamin da kike natsuwa da shi. Allah ne mafi sani.

Hajiya Ta Arkilla: Shekararta goma sha uku fa.

Anti Luba: Hajiya ki ce ta yi akwatin sarƙa da 'yan kunne mai marfi, ta zane shi da furen lalle. Wallahi sai ta manta da kyanwa. Kuma shi za ta iya sayarwa.

Baban Ummi: Mu dai da muna yara shanun laka muka yi ta ginawa bakin gulbi, har da ƙaho da tozo, ba wanda ya kai mu gaban alƙali.

Shugabar Zaure: Baban Ummi, a bar fatawa ga masu ita don Allah. A koma kan kwanon Khalifa.

Jikan Baduku: Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba, yarona ni sa shi karanta min duk abin da kunka ce. Dariya ni kai ta yi da anka ce abin na Faransa na. Ku ba ku san tandu ba? Tandun mai, tandun kwalli, battar taba? To ƙaƙa kuka zaton aka yin su? Magini shika gina siffar da laka, ba a gasa ta, a bari ta bushe. A samo ɗanyar hwata a jiƙa, a kankare ta har ta yi laushi da siranta, a riƙa liƙa ta bisa lakar, wagga bisa wagga, ana lailayewa da yatsa. A shanya. In ta bushe ta ƙame, sai a bubbuge lakar ta hwashe a zazzage ta ta baki. Mi ya rage? Tandu, ba ɗunki ko guda, ba nauyi, kuma mai bai yoyo. Kakana ya yi, ni ga da idona. Abin da kuka yi da takarda shi na wanga, hwata ta kawai kunka canza.

Abba Dundaye: Baba wallahi ka buɗe mini ido. Ni ina ta haddace cewa a Kashmir suna yin akwatunan alƙalami da shi masu zanen furanni, sana'ar da ake cewa daga Farisa ta je musu, a Ingila kuma wani Henry Clay na Birmingham ya yi rajistar hanyarsa ta manna takardu a gasa su a 1772, har aka zo ana yin faranti da kujeru da ita. A yaƙin duniya na biyu ma an yi wa jiragen yaƙi tankunan mai na takarda da gam, waɗanda ake yarwa in man ya ƙare. Ashe dabarar tana bayan gidanmu.

Jikan Baduku: Tana nan, masu yi na sunka ƙare. Roba ta kashe tandu. Yanzu in ka gane shi sai wurin masu saida ma baƙi kayan tsaraba.

Malama Inno: Alhaji ka tuna min. Maman Khalifa, ga abin da ya hi kwano: ki bar yaron shi gina ɗan tulu da laka da hannunai, mai hwaɗin baki. Shi bushe. Ki sa mai leda, ku bi da takarda hanyar Luba, shimhiɗa bakwai ko takwas cikin kwana ukku. Sannan shi hwasa lakar da kanai. Yara na son wurin hwasawar nan hiye da komi.

Anti Luba: Amma a kula, kar a ce za a zuba ruwa lakar ta narke, takardar ce za ta fara narkewa. A bushe za a farfasa da bayan cokali. Wanda ba ya son laka kuma ya hura balan-balan, in ya bushe a soke shi da allura. Sai dai kar a kai balan-balan rana, iskar ciki na kumbura ya tsage aikin tun bai ƙame ba. Ya taɓa yi mini, ƙwallon duniya guda na yi wa ƙanena, muna zaune muka ji fus.

Maman Khalifa: To shanyar fa? Kullum hadari, rana in ta fito awa biyu ta koma.

Malama Inno: Ki ɗora bisa rariya ko kwando yadda iska ka shiga ta ƙasa, ki aje ga baranda. In an kawo wuta ki kunna mai hwanka. Rana ta hito ki hidda, hadari ya taso ki maido. Ko kusa da murhu bayan an sauke tuwo, ba bisa wuta ba. Gane bushewa: ki taɓa shi ga kumatunki, in kin ji sanyi da saura ruwa ciki. Kada a shahwa henti sai wanga sanyi ya tahi, in ba haka ba kin ruhe ruwa ciki, hunhuna ta dawo ta ƙarƙashi. Don gaskiya damana ba lokacin wanga aiki ba ta. Mu da ɗari muka yi, iskar hunturu na busar da shimhiɗa kahin a tashi makaranta. Ita ma tana da nata, in abu ya yi kauri sai shi tsattsage ko shi karkace don saurin bushewa. Da bazara ko, zahin Afrilu, ko ɗaki ka aje shi ya bushe.

Abba Dundaye: Rina ma da take gina gidanta da taunannen itace, ƙarƙashin rufi take maƙala shi inda ruwa ba ya duka. Ita ce ta riga kowa wannan sana'a.

Baban Ummi: Dama an san a rina.

Hajiya Ta Arkilla: Kai Baban Ummi, Allah ya shirye ka. Luba, fentin fa wane iri? Yarinyar ta yarda da akwatin.

Anti Luba: Alhamdu lillahi. In ya bushe ta goge shi da samfefa mai laushi. Sai ta yi masa fari tukuna, ko farin fentin ruwa na bango, ko ta daka alli ta kwaɓa da gam ta shafa sau biyu, shi ke rufe rubutun jarida da ramuka. Sannan kala. A ƙarshe banish na kafintoci, shafa biyu, a waje inda iska take saboda warinsa, kuma babba ya yi wannan ba yaro ba. Banish na kare shi daga laima da hannu mai gumi, amma ba ya mai da shi kwanon sha. Kar a zuba fura, kar a wanke. Dabino a leda, alawa, makulli, carbi, kayan kwalliya, iyakarsa ke nan.

Jikan Baduku: In kuna son ja irin na hwatar Sakkwato, ku nemi karan dahi wurin dukawa, a jiƙa da ruwan toka ko ɗan kanwa, ja shika ba da mai kyau. Gangamau na ba da ɗorawa. Ku ɗiga ƙaro ciki don shi kama, awa yadda malamai ka yi ma tawada. Amma da sauƙin hannu, ruwa na, in kunka cika shi takarda ta yi laushi.

Almajirin Malam: Ƙaro kam shi ke riƙe tawada a allo. Amma kar wani ya ce zai yi dukkan kwaɓin da shi, yana da tsada, in ya bushe yana ƙyasƙyas, kuma da ya ji laima zai saki.

Baban Ummi: Ni har yanzu lissafi nake. Sitaci, gam, samfefa, fenti, banish, kwana bakwai. Faifai nawa ke nan a kasuwa?

Malama Inno: Ba ni amsa maka.

Maman Khalifa: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Kiret shida na karɓo wurin mai shayin bakin layinmu a Mabera, kyauta ya ba ni har yana tambaya ko kaji zan fara. Mun yi biyu. Kwano da dakakken kiret da sitaci yadda Inna Malama ta ce, da ɗan tulu kan laka da yagaggen kwali da ragowar takardun lissafinsa, na duba su ɗaya-ɗaya Malam. Kwanon ya ɗan karkace ta gefe don na gaji da matsi, Inna kin faɗa. Tulun kuwa ya fito, da ya fasa lakar ihu ya yi har maƙwabta suka leƙo. Ya shafa masa ja da baƙi, wai tandu ne, ya ce in gaya wa Baba mai tandu. Wari babu, ɓera bai zo ba. Na farkon nan na binne shi gindin darbejiya.

Jikan Baduku: Madalla da Khalihwa. Ki ce mai shi yi marhi, tandu ba marhi ba tandu na ba.

Anti Luba: Ma sha Allah! Ki ɗora shi kan kabad nesa da bango har a koma makaranta.

Maman Khalifa: Sai dai wata ta taso. Jiya da dare Baban Khalifa ya shiga ɗaki yana ta birkita kwalin jaridun nan. Wai akwai guda ɗaya da ya ajiye shekara goma sha ɗaya, wadda sunansa ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka aiki. Ya tambaye ni, na ce bari in duba. Jama'a, ina jin tana gindin darbejiya, rabinta kuma a cikin ɓera.

Baban Ummi: Da faifai kika saya.

Malama Inno: Ki yi mai tuwon shinkahwa da miyar da ya hi so, ki bari shi wanke hannu tukuna. Kuma ki sa Khalihwa shi shigo da tandun shi aje kusa.